Kafin Allura Ta Hau Faifai

A wani shagon gyaran rediyo da ke bayan kasuwar Sabon Garin Zariya na ga kwalin. Yana ƙarƙashin tebur, tsakanin matattun rikododi da tarkacen waya, ƙura ta lulluɓe shi. Mai shagon, dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya ce wani ne ya kawo garmaho gyara tun shekarun baya, bai sake waiwayowa ba. Faya-fayai ne a ciki, goma sha wani abu. Na zaro ɗaya na hure ƙurar, sai ga hoton mawaƙi cikin babbar riga, bayansa mutum biyar kowa rataye da kalangu. Na juya bayan kwalin faifan ina neman sunayensu. Babu. Sunan mawaƙin ne kaɗai, da sunayen waƙoƙi huɗu, biyu ma an rubuta su a karkace, sai tambarin kamfani da adireshinsa na Legas.

"Baba, su wane ne waɗannan na baya?"

Ya karɓa, ya kai kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. "Wallahi ɗana, da can na san biyu daga cikinsu. Yanzu sun ɓace mini."

Tun ranar nake tunanin sana'ar shirya faifai, domin faifan garmaho bai mutu ba kamar yadda muka ɗauka. A Amurka, a shekarar 2022, faya-fayan garmaho da aka sayar sun kai miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan da garmaho ya wuce gaba tun 1987. Waƙoƙinmu ma sun fara komawa kansa. A 2013 wani ƙaramin kamfani mai suna Sahel Sounds, da ke birnin Portland, ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifai mai suna Harafin So. A shekarar ce kuma ya sake fitar da kiɗan Mamman Sani na Nijar, wanda aka fara ɗauka a kaset a 1978. Saboda haka ba abin mamaki ba ne gobe yaron da ke da ɗan situdiyo a Samaru, ko ɗalibar zane a Jami'ar Ahmadu Bello, su sami kansu da wannan aiki a hannu. Injinan da EMI da Decca suka yi aiki da su a Legas, da na Tabansi a Anacha, sun daɗe da yin shiru, don haka bugun kansa sai an tsallaka teku. Amma shirin sauti da na bango a nan gida ake yin sa, kuma a nan ne ake gyara faifai ko a ɓata shi.

Wanda ya fara kiran wannan abu faifai ya iya kallo. Faifan da iyayenmu mata ke rufe ƙwarya da shi saƙa ɗaya ce, ta taso daga cibiya tana kewayawa har baki. Na garmaho ma tsaga ɗaya ce tal a kowane gefe, sai dai ita daga baki take farawa ta nufi cibiya. Kaurinta bai wuce na gashin kai ba, amma da za a miƙe ta za ta kusa rabin kilomita. Tsagar ba santsi gare ta ba, a murɗe take, tana karkata dama da hagu daidai da yadda sautin ya kaɗa iska. Allura na bin murɗe-murɗen nan tana rawa, na'ura kuma ta mayar da rawar murya. Waƙar a jikin robar take, a sassaƙe.

Ga yadda ake sassaƙa ta. Ana samun farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai taushi, a ɗora shi kan injin yanka. Injiniya ya saki waƙar, allura mai zafi ta riƙa yanka tsagar yayin da farantin ke juyawa. In an fara gefe ɗaya ba a tsayawa sai an kai ƙarshe. Kuskure ɗaya, farantin ya tashi aiki. Daga nan a fesa masa ruwan azurfa, a tsoma shi cikin ruwan sinadari da lantarki har ƙarfen nikel ya taru a kansa, a ɓare. Daga wannan ƙarfe ake samar da hatimin da za a ɗaura wa injin bugu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Sai a kawo curin roba mai zafi kamar dunƙulen fura, a sa takardar tsakiya sama da ƙasa, injin ya matse da nauyin da ya kai tan ɗari, tururi ya narkar, ruwan sanyi ya daskarar. Cikin kimanin daƙiƙa talatin faifai ya fito. Farantan yankan nan ma ba a ko'ina ake yin su ba: da gobara ta cinye masana'antar Apollo a jihar Kalifoniya a watan Fabrairun 2020, kamfani ɗaya ne a Japan ya rage yana yin su. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya san ba a aika wa masu yanka aikin da bai nuna ba.

Abu na farko shi ne asalin sautin. Mun saba waƙa ta fito daga situdiyo, a matse ta ta zama MP3, a tura ta WhatsApp, wani ya tura wa wani, mai cajin waya ya zuba ta a memori. Kowane matsi yana zubar da wani abu daga jikin sautin, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Lasifikar waya tana rufa wa wannan asiri, faifai kuwa tona shi yake yi. Masu yanka fayil ɗin WAV suke so, wanda ya fito kai tsaye daga kwamfutar situdiyo, in da hali mai bit 24. Na taɓa zama da wani matashi mai haɗa kiɗa a kusa da PZ, na tambaye shi ina asalin wata waƙa da ya yi wadda ta zaga gari. Ya ce ya goge tuntuni don wuri ya ishe shi a kwamfuta, abin da ya rage sai wanda ke wayarsa. Ban ga laifinsa ba, don babu wanda ya taɓa ce masa abin yana da daraja. Amma raina ya ɓaci, domin waƙar ta cancanci ta daɗe.

Na biyu, ƙara. Situdiyoyinmu suna cika waƙa da ƙarfi har ta toshe, don ta yi amo a cikin A Daidaita Sahu da gidan biki. A faifai, ƙarfin sauti faɗin tsaga ne. In sauti ya yi ƙara, tsagar sai ta yi lilo da yawa, ta ci wuri, lokacin da gefe zai ɗauka ya ragu. Wanda ya matse waƙarsa don ta fi ta kowa ƙara, a ƙarshe injiniya rage ta zai yi, ta fito a shaƙe kuma ba ƙarar. Gara a bar mata wurin numfashi.

Kiɗanmu na da wurare biyu da sai an yi hattara. Ɗaya sauti mai kauri ne, irin na tambari da ganga da gindin kalangu in an saki tsarkiya. Tsagar faifai bango biyu gare ta, ɗaya na lasifikar dama ɗaya na hagu. In aka raba kaurin sauti tsakanin dama da hagu suka saɓa wa juna, tsagar sai ta riƙa zurfi da tudu, allura ta yi tsalle ta fice. Maganinsa a tara duk mai kauri a tsakiya. Ɗayan kuma sauti mai tsini ne. Hausa cike take da "s" da "sh" da "ts" da "z". A yi tunanin sanƙira yana kirarin Sarkin Zazzau bakinsa dab da makirufo. Irin wannan shishitar, in ta yi yawa, allurar garmaho ba ta iya bin ta, sai ta fito kamar ana yaga takarda. Haka algaita, haka siririyar muryar zabiya da aka bi ta da na'ura aka ƙara mata kaifi. Ana tausasa su tun a situdiyo, ba tare da an kashe musu rai ba, kuma wannan aikin kunne ne ba na maɓalli ba.

Sai tsawo, inda faifai ya fi takura wa mawaƙin Hausa. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti, wajen minti uku yake ɗauka a gefe. Babban faifai mai inci 12 da juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar minti 18 zuwa 22 a gefe ba tare da sauti ya raunana ba. To ina minti ashirin ga mutum irin Mamman Shata, wanda in kalangu ya yi daɗi kuma masu kari suna fitowa, ba agogo yake kallo ba? Waƙar fada da ta noma da ta biki duk da jama'a ake yin su, tsawonsu a hannun wurin yake. Wanda zai kai su faifai dole ya zauna da mawaƙi a yanke shawara: wane baiti zai shiga, wanne zai jira, a ina za a tsaya a juya faifai ba tare da an yanke wa 'yan amshi numfashi ba. Ni a ganina wannan shawara ta mawaƙi ce, kada a bar wa injiniyan da bai jin Hausa ya datse inda mintinsa ya cika.

Jeren waƙoƙin ma da dabara. Faifai juyinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma da'irar baki ta fi ta ciki girma nesa ba kusa ba. A baki, tsagar na wuce allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa. Kusa da cibiya bai fi 20 da 'yan kai ba. Ke nan a ciki an cusa sauti iri ɗaya a wuri ƙarami, kaifinsa na dusashewa. Don haka waƙa mai taron kalangai da kakaki a sa ta farko, mai sanyi irin ta kuntigi ko gurmi, murya ɗaya da tsirkiya, a ajiye ta ƙarshen gefe. A aika kowane gefe a fayil guda, da takarda mai nuna inda kowace waƙa ta fara da inda ta ƙare.

Kafin a buga ɗaruruwa, masana'anta na aiko 'yan ƙwayoyi na gwaji. A saurare su gaba ɗaya, a garmaho fiye da ɗaya. Ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane kwafi daga hatimi yake, a yi magana. Da zarar an ce an yarda, bakin alƙalami ya bushe.

Yanzu bango, wanda shi ne ya kawo ni wannan rubutu. Zariya ba baƙuwar tawada ba ce. Nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, nan Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, nan kuma su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, suna ɗalibai. Bangon faifai fili ne mai kusan santimita 31 kowane gefe, ya ninka fuskar waya sau da yawa. Lemi Ghariokwu ya nuna abin da za a iya yi da wannan fili a bangayen Fela, inda zanen ke ci gaba da maganar da waƙar ta fara.

Ƙa'idojin ba su da wuya. Kwamfuta da haske take nuna launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu take haɗa shi, don haka a shirya aikin a tsarin CMYK tun farko, in ba haka ba shuɗin rini mai sheƙi da aka gani a allo zai fito a dushe. Hoto ya kai ɗigo 300 a inci. Wanda aka kwafo daga Facebook in aka buɗe shi ya cika bango, fuska za ta farfashe. A bar rarar milimita uku a kowane gefe saboda wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum, kuma a nisanta rubutu daga baki. Takardar tsakiya faɗinta santimita goma ne da rami a cibiya, kada a ɗora suna inda ramin zai cinye. Ba manna ta ake yi da gam ba, tare da robar ake matse ta, shi ya sa in an yi kuskure a kanta ba a ɓare ta.

Akwai kuma abin da mu kaɗai zai dama: ƙ da ɗ da ɓ. Yawancin salon haruffan kwamfuta ba su da su. Mai zane zai ga komai daidai a Samaru, fayil ya isa Turai a buɗe shi a wata na'ura, lanƙwasar ta ɓace ko wani ɗan akwati ya maye gurbinta, ma'aikacin can kuwa ba shi da yadda zai gane. Ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, Ɗanƙwairo ya rasa lanƙwasa biyu a suna ɗaya. Kafin a aika, a mayar da duk rubutun ya zama zane, sannan a buga shi a takarda a ba malamin Hausa ya karanta da jan biro.

Misalin da nake so a duba daga nan ƙasar Zazzau ya fito. A 1963 da 1964 wani Ba'amurke masanin al'adu, David Ames, ya ɗauki kaɗe-kaɗen Hausa a yankin Zariya da Katsina. An buga su a faya-fayai biyu a Jamus, cikin jerin UNESCO na kiɗan Afirka, tare da bayani da hotuna kan kayan kiɗan da lokutan da ake yin su. Daga baya, a 1971, shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa. Sama da shekara sittin ke nan da ɗaukar kaɗe-kaɗen, amma mai bincike in ya sami faifan zai san abin da yake ji, saboda wani ya zauna ya rubuta. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya kuma cancanta. Sai dai Shata bai taɓa hawa fage shi kaɗai ba, haka Ɗanƙwairo da 'yan kotsonsa, haka Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya.

Bayan bango yana da wurin da zai ɗauki kowa: mai jan baƙi, 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, mai kalangu, mai kuntuku, sanƙira, garin kowa, ranar da aka ɗauka da ɗakin da aka ɗauka, wanda ya riƙe na'ura, wanda ya ɗauki hoto. A nemi izininsu ko na magadansu, a rubuta yarjejeniyar kuɗi kafin injin ya juya. Duk wannan bai fi layi goma sha biyar ba.

Na sayi faifan nan daga hannun dattijon. Na wanke shi da ruwa da ƙyalle mai laushi, na ajiye shi a tsaye nesa da taga, don zafin bazarar Zariya na lanƙwasa roba. Hoton kuma na ɗauke shi a waya, ina nuna wa tsofaffin makaɗa duk inda na gamu da su, a Tudun Wada da cikin birni. Zuwa yanzu an gane mini mutum ɗaya, na biyu daga hagu, na rubuta sunansa da fensir a bayan kwalin.