Wadar zuci: jarin da rufe iyaka ba ya cinyewa

Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya, Illela, Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni ya san cewa arzikin bakin iyaka kamar Gulbin Maraɗi yake: da damina ya cika ya tumbatsa, da rani sai rairayi.

Mu tuna baya kaɗan. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dare ɗaya. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanya har zuwa Maris na 2024. A daidai wannan lokaci naira ta yi mummunar faɗuwa: dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Wanda ya kai wake ko awaki Najeriya ya karɓo naira, kafin ya iso wurin 'yan canji ribarsa ta zube.

Mu da ke yawo da na'urar ɗaukar murya cikin waɗannan kasuwanni mun lura da wani abu. Wahalar ta shafi kowa, amma ba kowa ta hana barci ba. Waɗanda suka fi jin jiki su ne waɗanda a lokacin ciniki suka ɗaga rayuwarsu sama da jarinsu: mota ta biyu da bashi, lefen gasa, anko a kowane biki, sabuwar waya don kawai maƙwabcin rumfa ya saya. Da hanya ta rufe, kaya suka tsaya, amma masu bin bashi ba su tsaya ba. Mun ga albasa ta ruɓe cikin manyan motoci, mun ga zumunci ya lalace a kan kuɗin adashi.

Shi kuwa mai ƙaramin tebur da ya saba da daidai ruwa daidai tsaki, ya rage cefane, ya koma gonarsa, ya jira. Ba ya ɓuya idan an yi sallama a ƙofar gidansa, kuma yana tsayuwa salla hankalinsa na wurin, ba a kan littafin bashi ba.

Kada a ɗauka muna kira ga lalaci. Neman halal wajibi ne, kuma mai dukiyar da ke fitar da zakkarsa, ɗaya cikin arba'in, inuwa ce ga gari. Abin da malamanmu ke kira ƙana'a shi ne mutum ya nema da ƙarfinsa, amma kada ya auna kansa da aljihun wani. Hausawa sun ce kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa.

'Yan uwa 'yan kasuwa, ga shawara: ku raba kuɗin gida da uwar kuɗi, kada ku ci bashi don biki, ku ajiye na hatsin 'yan watanni tun kasuwa tana ci. Buɗe iyaka da rufe ta yana hannun hukumomin Abuja da Yamai. Yawan abin da zai ishe mu kuwa, mu ne ke yanka wa kanmu.

Allah ya ba mu wadar zuci, ya sa albarka a ɗan abin da muka samu.