Zoben Baiko Mai Lu'ulu'u: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Ba da zobe mai lu'ulu'u, wato daimon, a lokacin baiko al'ada ce ta Turawa. Masana tarihi sukan ambaci zoben da Maximilian na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi a shekarar 1477, amma al'adar ba ta game duniya ba sai bayan tallace-tallacen kamfanin De Beers tun daga 1947. Yanzu ta shigo biranen Nijeriya, kuma mutane da yawa suna zuba kuɗi masu yawa a kan abin da ba su san yadda ake auna darajarsa ba.

DUTSEN

Abubuwa huɗu ne ke yanke kuɗin lu'ulu'u. Na ɗaya nauyi: karat ɗaya kashi ɗaya ne cikin biyar na giram. Na biyu launi: cibiyar GIA ta Amurka ta jera shi daga D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, zuwa Z, mai ɗan rawaya. Na uku tsabta, wato ƙarancin tabo a cikin dutsen. Na huɗu yanka, kuma shi ne ya fi taimaka wa ƙyalli. Yankan da'ira mai fuskoki 57 ko 58, wanda Marcel Tolkowsky ya yi lissafinsa a 1919, shi ya fi walƙiya. Ƙaramin dutse mai kyakkyawan yanka ya fi babba marar haske.

Akwai kuma lu'ulu'un da ake ƙerawa a masana'anta. Lu'ulu'u ne na ainihi, amma ya fi na haƙo araha ƙwarai. Wajibi ne mai sayarwa ya faɗi wanne ne. Zirkoniya da moisanait kuwa kama kawai suka yi da lu'ulu'u.

YADDA AKE ƊORA SHI

Sanannen salo shi ne dutse guda da 'yan yatsun ƙarfe huɗu ko shida suka riƙe, irin wanda kamfanin Tiffany ya fito da shi a 1886. Haske yana shiga ta ko'ina, amma yatsun sukan kama tufafi, sukan kuma saki da daɗewa. Wani salon shi ne a kewaye gefen dutsen duka da ƙarfe. Wannan ya fi dacewa da mai aikin hannu, kamar ma'aikaciyar asibiti ko mai yawan girki da wanki, domin lu'ulu'u, duk da taurinsa, yana iya ɓantarewa idan ya bugu. Akan kuma zagaye babban dutse da ƙanana don ya ƙara girma a ido, sai dai ƙananan sukan faɗi.

ƘARFEN

Kada a rikita karat na dutse da karat na zinariya. Zinariya tsantsa karat 24 ce, amma ta yi laushi da yawa. Karat 22 takan ɗauki hatimin 916, karat 18 hatimin 750, karat 14 kuwa 585. Karat 18 da 14 sun fi riƙe dutse. Farar zinariya gauraye ce da akan shafa wa rodiyam, kuma shafen yana goguwa, sai an sabunta shi. Filatinum fari ne tun asali, ya fi nauyi, ba ya sake launi.

GARGAƊI

Mata da yawa a ƙasar nan suna ajiye zinariya a matsayin dukiya, domin ana sayenta da awo a duk lokacin da buƙata ta taso. Lu'ulu'u ba haka yake ba: wanda ya mayar da shi kasuwa da wuya ya sami kuɗin da ya biya. Saboda haka bai kamata saurayi ya ci bashi don zobe ba alhali sadaki da hayar gida suna jiransa.

Kafin a biya, a nemi takardar shaidar dutsen, a duba hatimin ƙarfen, a auna yatsar amarya, a kuma karɓi rasiɗi mai bayyana nauyi da karat. In ya yi datti, ruwan ɗumi da sabulu da buroshi mai laushi sun isa. A nisanta shi daga bilic, domin yana lalata zinariya.