Tsofaffin Taurarin Ƙwallon Kwando da Jami'o'in da Suka Raine Su

Ranar 2 ga Afrilun 1984, a birnin Seattle, dogaye biyu suka kara a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka: Hakeem Olajuwon, ɗan Legas mai buga wa Jami'ar Houston, da Patrick Ewing, haifaffen Jamaica mai buga wa Georgetown. Georgetown ce ta ɗauki kofin da ci 84 da 75. Daga baya jami'o'in biyu suka yi dabara iri ɗaya: da al'amura suka taɓarɓare, kowacce ta kirawo tsohon tauraronta ta ba shi aikin koci. Babu wadda ta ji daɗin abin.

Houston ce ta fara. A 1998 ta ɗauko Clyde Drexler, abokin wasan Olajuwon, wanda bai daɗe da ajiye takalma ba, kuma bai taɓa horar da kowa ba. A kaka biyu ya ci wasa 19, aka ci shi 39, ya ajiye aikin.

Lamarin Ewing ya fi ban tausayi, domin shi ba da ka ya shigo ba. Ya shafe kusan shekara 15 yana mataimakin koci a NBA kafin Georgetown ta kira shi a 2017. A 2021 ya ba kowa mamaki ya lashe kofin rukunin Big East, magoya baya suka ce zamanin tsohon kocinsu, marigayi John Thompson, ya dawo. Kakar da ta biyo, ƙungiyar ta buga wasa 19 a rukunin ba ta ci ko ɗaya ba. A Maris ɗin 2023 aka sallame shi, da nasara 75 da rashin nasara 109. Korar mutumin da rigarsa ke cikin tarihin makaranta ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa aka daɗe ana jan ƙafa.

Me ke sa jami'o'in maimaita wannan? Kocin jami'a a Amurka rabin aikinsa zawarcin yara ne. Shi zai je gidan ɗalibin sakandare, ya zauna da iyayensa a falo, ya shawo kansu. Shi kuma zai lallashi attajiran tsofaffin ɗalibai su buɗe bakin aljihu. Babban suna na taimakawa, amma yana da iyaka: yaro mai shekara 17 a 2017 an haife shi ne a shekarar da Ewing ya bar New York Knicks. Mahaifinsa ne ke rawar jiki, shi yaron tambayarsa ita ce minti nawa zai riƙa bugawa.

Juwan Howard ya ɗanɗana zaƙi da ɗaci a Michigan, jami'ar da ya buga wa. An zaɓe shi gwarzon kocin shekara a 2021, a 2022 aka dakatar da shi wasa biyar saboda ya kai wa mataimakin kocin Wisconsin hannu, a 2024 aka sallame shi bayan kakar da ya ci wasa 8 cikin 32. Hubert Davis kuwa sai da ya yi shekara tara yana koyon aiki a ƙarƙashin Roy Williams a North Carolina, kuma a kakarsa ta farko a matsayin babban kocin tsohuwar jami'arsa ya kai wasan ƙarshe na 2022. A hanya ya fitar da Duke, abokiyar gabarsu, a wasan da ya zama na ƙarshe ga kocinta, Mike Krzyzewski.

Waɗanda suka tsaya a ba da kuɗi sun fi kwana lafiya. Carmelo Anthony, wanda ya kawo wa Syracuse kofin 2003, ya ba da dala miliyan 3 aka gina cibiyar atisaye mai sunansa. Draymond Green ya ba Michigan State miliyan 3.1 a 2015, Kevin Durant ya ba Texas miliyan 3 a 2018, shi da kaka ɗaya kacal ya buga mata.

A da, galibi gini irin wannan kuɗi ke yi, domin doka ta hana biyan ɗalibi ɗan wasa albashi. Tun Yulin 2021 aka ba 'yan wasa damar cin moriyar sunansu da hotonsu, sannan sulhun kotu na 2025 ya yarje wa kowace jami'a ta raba musu har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ƙungiyar jami'a ta koma tana neman manaja mai lissafin albashi, kuma a nan taurarin suka samu sabuwar ƙofa. A Maris ɗin 2025 Stephen Curry, yana tsaka da buga wa Golden State, ya karɓi muƙamin mataimakin babban manaja a Davidson, ƙaramar kwalejin da ya kai zagayen 'yan takwas a 2008, ya kuma sa hannu a asusun tallafa wa 'yan wasanta. Kafin watan ya fita Trae Young ya karɓi irin wannan muƙami a tsohuwar jami'arsa ta Oklahoma, haɗe da kyautar dala miliyan 1. Babu wanda zai tuhume su idan aka sha kashi ranar Asabar. Aikinsu shi ne kiran waya ga yaron da ake zawarci, da kuɗin da zai hana wata makaranta ƙwace shi.