Aro ko Sata? Shari'o'i Biyu a kan Littafin Roots



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wata tambaya wadda ta daɗe tana cin ran masana adabi da masana shari'a baki ɗaya, wato a ina ne aro yake ƙarewa, sata ta fara, a fagen rubutu? Sanin kowa ne babu marubucin da ya faɗo daga sama. Kowanne ya karanta na gabansa, ya kuma sha daga rijiyar da wasu suka haƙa. To, amma akwai ɗiban da doka ta halatta, akwai wanda ta hana. Don mu gane iyakar da ke tsakaninsu, za mu bi diddigin wasu ƙararraki biyu da aka kai mutum ɗaya, a kan littafi ɗaya, a kotu ɗaya da ke birnin New York na ƙasar Amurka. An shigar da su duka a 1977, suka ƙare a 1978, amma ƙarshen ɗaya bai yi kama da na ɗayar ba.

Littafin da Mai Shi

Alex Haley baƙar fatar Amurka ne, an haife shi a 1921. Ya yi shekara ashirin a rundunar tsaron gaɓar teku, inda ya koya wa kansa rubutu, sannan ya shiga aikin jarida. Ya fara yin suna a 1965, sa'ad da tarihin rayuwar Malcolm X ya fito, wanda shi ne ya rubuta shi daga bakin mai shi. A 1976 ya fitar da littafin da ya kira Roots, wato saiwoyi ko asali, bayan ya yi kimanin shekara goma sha biyu yana aikinsa.

Littafin ya ba da labarin wani saurayi mai suna Kunta Kinte, ɗan ƙabilar Mandinka daga ƙauyen Juffure a ƙasar Gambiya, wanda aka kama a 1767 aka haye teku da shi zuwa Amurka aka sayar. Daga nan labarin ya bi zuriyarsa, ɗa bayan uba, har ya iso kan shi Haley. Cikin shekarar farko an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. A watan Janairu na 1977 aka nuna shi a talabijin dare takwas a jere, kuma an ƙiyasta mutum wajen miliyan ɗari ne suka kalli kashin ƙarshe. A wannan shekara aka ba Haley lambar yabo ta musamman ta Pulitzer. Ga miliyoyin jikokin bayi, waɗanda aka raba kakanninsu da sunayensu da harsunansu, littafin ya zama tamkar takardar shaidar asali. Wannan ne ya sa zargin da ya biyo baya ya yi nauyi ƙwarai, domin abin da aka taɓa ya wuce aljihun mutum ɗaya.

Abin da Doka Take Nema

Kafin mu shiga kotu, ya kamata mu san ma'aunin da alƙali yake riƙe da shi. Wanda ya ce an saci rubutunsa, wajibi ne ya tabbatar da cewa aikin nasa ne, sannan ya tabbatar an kwafa. Da yake ba safai akan kama mai kwafa da alƙalami a hannu ba, sai doka ta yarda da shaida iri biyu a haɗe: ta farko, cewa wanda ake ƙara ya sami damar ganin littafin, ta biyu, cewa akwai kama mai yawa tsakanin ayyukan biyu.

A nan ne gizo yake saƙa, domin ba kowace kama ce doka take ƙirgawa ba. Haƙƙin mallaka ba ya hawa kan jigo, ko ra'ayi, ko abin da ya auku a tarihi. Yana hawa ne kan yadda marubuci ya furta abin: kalmominsa, da jerin jimlolinsa, da yadda ya ƙera taurarinsa ya ɗinka aukuwa da aukuwa. Alal misali, auduga da zare na kasuwa ne, kowane masaƙi yana iya saye. Abin da ya zama na masaƙi shi ne zanen da ya fito daga masaƙarsa. Wanda ya sayi zare irin nasa bai yi laifi ba. Wanda ya yanki ƙyalle daga zanensa ya ɗinka a nasa, ya kai kasuwa da sunansa, shi ne doka take nema.

Ƙara ta Farko

Margaret Walker Alexander mawaƙiya ce kuma malamar jami'a a jihar Mississippi. A 1966 ta fitar da ƙagaggen labari mai suna Jubilee, wanda ta gina a kan rayuwar kakar mahaifiyarta, baiwa a jihar Georgia, kafin yaƙin basasar Amurka da lokacinsa da bayansa. Ta yi kusan shekara talatin tana fama da wannan aiki. Da ta karanta Roots sai ta ga wurare da dama da suka yi kama da nata, ta kai ƙara.

A watan Satumba na 1978 alƙali Marvin Frankel ya kori ƙarar. Hukuncin bai rataya a kan ko Haley ya karanta littafinta ko bai karanta ba. Abin da alƙalin ya yi shi ne ya ɗauki kamannin da ta lissafa ya rarraba su gida gida. Wasu, ya ce, abubuwan tarihi ne, kuma tarihi ba gonar kowa ba ce. Wasu al'adun gargajiya ne da camfe-camfe na bayi, waɗanda kowa zai iya ji daga bakin tsofaffi. Wasu salon magana ne da ya riga ya zama gama-gari. Kashi mafi muhimmanci kuwa shi ne na abubuwan da duk mai rubutu a kan bauta sai ya bi ta kansu: bawa ya gudu cikin daji ana binsa da karnuka, a raba uwa da ɗanta a sayar, ubangida ya nemi baiwarsa uwargida ta yi kishi, bayi su yi waƙa cikin baƙin ciki ko farin ciki. In aka mallaka wa mutum ɗaya waɗannan, to an rufe ƙofar rubutu a kan bauta ke nan ga duk wanda ya zo bayansa. Hausawa sun riga sun taƙaita wannan hukunci da suka ce, kama da wane ba ta wane.

Ƙara ta Biyu

Harold Courlander Bature ne ɗan Amurka, an haife shi a 1908. Masani ne na adabin baka, ya tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin Haiti da na Afirka. Masana sun san shi, amma a wajen talakan masu karatu sunansa bai kai ko kusa da na Haley ba. A 1967 ya wallafa ƙagaggen labari mai suna The African, wanda ya ba da labarin wani yaro, Hwesuhunu, da aka kama a ƙasar Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu, aka sa shi a jirgin bayi, daga bisani ya ƙare a wata gona a Georgia yana ƙoƙarin riƙe asalinsa.

Da a ce Courlander ya tsaya ga cewa shi ma ya rubuta labarin yaron da aka kama a Afirka, da ƙararsa ta bi sawun ta farko. Sai ya bi wata hanya dabam. Ya jera wurare 81 daga littattafan biyu, wannan a gefen wannan, yana nuna inda kalmomi da jerin tunani suka zo daidai, musamman a bayanin zaman bayi a cikin jirgi. Ya kuma kawo Michael Wood, malamin adabi na Jami'ar Columbia, wanda ya ba da shaida cewa kamar ta wuce a ce dace ce.

Haley ya tsaya a kan cewa bai karanta The African ba kafin ya rubuta nasa. Bayanin da ya bayar shi ne, a shekarun da yake yawon ba da lacca, mutane sukan miƙa masa takardu da rubuce-rubuce, shi kuwa yakan zuba su cikin kayan bincikensa ba tare da ya rubuta inda suka fito ba, don haka mai yiwuwa ta nan ne maganar wani ta shiga tasa. Ɗalibai su lura da kyau, wannan uzuri ba ya kuɓutar da mutum a gaban doka. Ana iya keta haƙƙin mallaka ko da babu niyya, kamar yadda akuyar da ta shiga gonar wani takan jawo wa mai ita biyan ɓarna ko da ba shi ya kora ta ciki ba.

An yi makonni ana shari'a a gaban alƙali Robert Ward. A watan Disamba na 1978, kafin a yanke hukunci, ɓangarorin biyu suka yi sulhu. Haley ya amince a rubuce cewa wasu abubuwa daga The African sun shiga cikin Roots, ya kuma nuna nadamarsa. An biya Courlander diyya, kuma adadin da aka fi ambata shi ne dala 650,000. Ya kamata a yi adalci a nan: kotu ba ta taɓa yanke cewa Haley ɓarawo ne ba, kuma sassan da ake jayayya a kansu 'yan kaɗan ne a cikin littafi mai ɗaruruwan shafuffuka. Duk da haka tabon bai goge ba har rasuwarsa a 1992, balle da yake a lokaci guda masana tarihi suna tuhumar ingancin silsilar da ya ce ta haɗa shi da Kunta Kinte.

Bayan Haley

Irin waɗannan ƙararraki ba su yanke ba, kuma galibinsu sun bi hanyar ta farko. A 2006 aka saurari ƙarar da Michael Baigent da Richard Leigh suka kai kamfanin da ya buga The Da Vinci Code na Dan Brown a London, suna cewa an ɗauki ginshiƙin littafinsu na 1982. Suka faɗi, domin abin da aka ɗauka ra'ayi ne da hasashen tarihi. Kafin wannan, a 2002, wata kotu a New York ta yi watsi da iƙirarin Nancy Stouffer cewa J. K. Rowling ta kwaikwaye ta a littattafan Harry Potter, har ta ci ta tarar dala 50,000 saboda gabatar da takardun da aka yi wa coge. Ashe ƙaramin marubuci ma yana iya zama mai zalunci, kuma ba duk kukan an cuce ni ne gaskiya ba.

Kammalawa

Abin da za mu ɗauka daga nan kashi uku ne. Na farko, aro halal ne, kuma da shi adabi yake rayuwa. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya narkar da su a Magana Jari Ce, ya sa musu riga da rawani har suka zama 'yan gida. Kayan da ya ɗebo na kowa ne, Hausar da ya zuba su ciki kuwa tasa ce shi kaɗai.

Na biyu, girman suna ba ya zama garkuwa, ƙanƙantar suna kuma ba ta zama hujja. Walker ta kawo kamar jigo ta faɗi. Courlander ya kawo kamar lafazi, shafi da shafi, aka biya shi. Kotu tana auna shaida ne, ba ta auna rawani.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar ɗalibi mai rubuta kundi da ma'aikaci mai rubuta rahoto: in mun karɓi bayanin Haley yadda ya bayar, to abin da ya kai shi ga wannan hali sakaci ne wajen rubuta inda ya samo abu. Duk jimlar da ka kwafa cikin littafin bincikenka, rubuta sunan mai ita da shafin a ranar da ka kwafa, domin bayan shekara biyar ba za ka iya bambance ta da taka ba. Dokar jami'a ma ta fi ta kotu tsanani, gama kotu takan ƙyale mai aron ra'ayi, jami'a kuwa sai ya faɗi mai shi. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa kawo magana sai sun jingina ta ga wanda ya faɗe ta.