Daga Alkuki Zuwa Fitilar Bango

A tsofaffin ɗakunan ƙasa na Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi, da ƙauyukan Bagudo da ke dab da iyakar Benin, magini kan bar wani ɗan rami a jikin bango. Sunansa alkuki. Nan uwargida ke ɗora fitilar kasko mai lagwanin auduga da man kaɗanya, iska ba ta kashe ta, yaro bai kai hannu ba. Daga baya kananzir ya kawo aci-balbal da fitilar ƙwai, yau kuma fitilun caji da na sola sun cika kasuwannin bakin iyaka. Haskensu ya fi ƙarfi, amma sau da yawa yana kashe ido.

Wannan matsalar ce ta dami masu zanen gine-gine na ƙasar Danmak, inda daren hunturu ke da tsawo. Ɗaya daga cikinsu shi ne Vilhelm Lauritzen, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1984. Yana cikin masu ra'ayin cewa aikin da abu zai yi shi zai tsara siffarsa, ado ya biyo baya. Shi ya zana ginin filin jirgin saman Kopenhagen na 1939, da gidan rediyon ƙasar, Radiohuset, wanda aka buɗe a 1945. Bai tsaya ga gini ba, har fitilun ciki ya zana, kamfanin Louis Poulsen ya ƙera.

Fitilarsa ta bango abu biyu ce: hannun tagulla da ke manne da bango, da murfin gilashi fari kamar madara, wanda ake hurawa da baki. Murfin na ɓoye ƙwan lantarki, ya baza haske mai laushi ta kowane gefe, buɗaɗɗen ƙasansa kuma ya saki haske kai-tsaye inda ake bukata. Tagullar da ba a shafa wa komai ba takan yi duhu a hankali da daɗewa, masu saye ma hakan suke so.

Tun 2008 ginin Radiohuset ya koma hannun makarantar koyon kiɗa ta ƙasar, kamfanin Louis Poulsen kuwa ya dawo da ƙera wasu daga cikin fitilun, yana sayar da su a ƙasashen duniya.