KALZONE: Ɗan Burodin Italiya Mai Nama Da Cuku A Ciki

A ƙasar Italiya ba a fara liyafa da babban akushi. Kafin a kawo taliya ko gasasshen nama, sai an zagaya da 'yan abubuwan motsa baki waɗanda mutanen ƙasar suke kira antipasto, wato abin da ke zuwa gabanin cima. Daga cikin waɗanda ake kawowa da zafinsu akwai wani ɗan burodi mai siffar rabin wata, wanda in an gutsura sai a tarar da nama da narkakken cuku a ciki. Sunansa kalzone. Ma'aikacin gwamnatin da aiki ya kai shi birnin Rum, ko ɗalibin da ya tafi karatu Milan, da wuya ya daɗe bai ci karo da shi a faranti ba. Saboda haka ya kyautu a san abin da ke cikinsa tun kafin a miƙa hannu.

Asalin kalzone daga birnin Nafoli ne a kudancin Italiya, garin da ya yi suna wajen gasa fiza, har Hukumar UNESCO ta shigar da sana'ar masu gasa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a shekara ta 2017. A gaskiya ma kalzone fiza ce da aka naɗe gida biyu aka liƙe bakinta. Sunan kuwa daga kalmar wando aka samo shi a harshensu. Babbansa yakan cika faranti, amma na liyafa ƙanana ake yi, kamar tafin hannun yaro, don baƙo ya ci a tsaye. A lardin Puliya soya shi suke yi cikin mai, su kira shi panzerotto. 'Yan Italiya da suka yi ƙaura zuwa Amurka kuma, a yankin Filadelfiya, sun fito da wani samfuri a shekarun 1950, wanda ake naɗewa kamar tabarma a gasa a yanyanka, suka sa masa suna stromboli, sunan wani tsibiri mai aman wuta a arewa da Sisili.

To, ga inda gizo ke saƙar. Naman da mutanen Nafoli suka saba sawa a ciki shi ne salami, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura cikin hanji da gishiri da masoro aka shanya, ko kuwa prosciutto, wato busasshiyar cinya. Duka biyun naman alade ne. Bugu da ƙari, wasu masu gashi sukan kwaɓa fulawar da kitsen alade, wanda suke kira strutto, ta yadda ko burodin da ba a ga nama a cikinsa ba yana iya ƙunsar abin da Musulmi ba ya ci. Tunda abin a rufe yake, ido ba zai raba gardama ba, sai tambaya. Kalmar alade a harshen Italiya ita ce maiale, kuma mai masauki ba ya jin haushin baƙon da ya tambaya. Akwai busasshen naman shanu na kwarin Valtellina da ke arewacin ƙasar, mai suna bresaola, amma ko shi ma batun yanka yana nan.

Wannan ne ya sa wanda ya yi nasa a gida ya fi samun kwanciyar rai, kuma aikin bai fi ƙarfin uwargida ko tuzurun da ke da tanderu ba. Ana samun fulawa giram 500, da ruwa mai ɗumi kimanin mililita 300, da gishiri ƙaramin cokali 2, da busasshen yis ƙaramin cokali 1, da man zaitun babban cokali 1. A kwaɓa, a yi ta murzawa har minti 10, sai kwaɓin ya yi santsi yana miƙewa ba ya tsinkewa. Sa'an nan a rufe shi da tsumma mai laima, a ba shi sa'a 2 ya tashi. Nan ne ya bambanta da sambusa, wadda fatarta siririya ce ba yis. In ya kumbura a raba shi curi 20.

A maimakon salami, niƙaƙƙen naman sa ko na rago giram 200 ya wadatar. A soya shi da tafarnuwa da masoro har ruwansa ya ƙafe, a bar shi ya huce sarai.

Maganar cuku ita ce mai wuyar. Iri biyu ake haɗawa, kowanne da aikinsa. Mozarela, wadda ake yi da madarar shanu ko ta ɓaunar gida da ake kiwo a lardin Kampaniya, ita ce mai narkewa tana yauƙi. Rikota kuwa, wadda sunanta ke nufin abin da aka sake dafawa, da ruwan da ya rage bayan an tsame cuku ake yin ta. Fara ce mai laushi, ba ta narkewa, aikinta shi ne ta riƙe haɗin kada ya bushe. Cukun da Fulani ke daskararwa da ganyen tumfafiya yana iya tsayawa a madadin rikota in an murmushe shi, amma ba zai yi aikin mozarela ba, don shi ma zafi ba ya narkar da shi. Ga wannan kwaɓi, rikota giram 250 da mozarela giram 200 sun isa.

Babban abokin gabar kalzone shi ne ruwa. Ɗanyar mozarela cikin ruwa ake sayar da ita, in aka sa ta haka, zafi zai mai da ruwan tururi, tururin ya jiƙa burodin daga ciki ko ya fasa bakinsa, cukun ya malale ya ƙone a kan tire. Don haka a yanka ta ƙanana, a bar ta cikin rariya kamar sa'a guda ta tsane. Haka kuma miyar tumatir, masu gashi na Nafoli a bisa suke shafa ta kaɗan, ko kuwa a ajiye ta gefe cikin ɗan kwano don dangwala. Wasu masu girki garin neman burge baƙi sukan cika haɗi har fata ta kāsa rufuwa, alhali babban cokali guda ya ishi kowane curi. A murza curin ya yi faɗi, a zuba haɗin a gefe ɗaya, a bar baki kamar faɗin yatsa, a naɗe, a danne da haƙoran cokali mai yatsu, kana a huda bisansa sau ɗaya ko biyu don tururi ya sami mafita.

Tanderun itace na Nafoli zafinsa yakan wuce digiri 400, shi ya sa gashinsu ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Na gida ba ya kai haka. A kunna shi tun da wuri ya kai digiri 230, da tiren a ciki don ƙasan burodin ya sami zafi nan take, a gasa minti 12 zuwa 15 har ya yi ja.

Mai shirya liyafa yana iya naɗe su duka tun da safe ya jera a firiji, ya gasa sa'ad da baƙi suka fara sallama. In an sauke a ba su minti 5 kafin a kai gaban mutane, domin cukun da ke ciki ya fi fatar riƙe zafi, kuma yakan ƙona harshen mai gaggawa.