Daga Gwarzo Zuwa Kantin Kwari: Ina Za Ka Ajiye Motar, Kuma Me Wayarka Za Ta Iya Yi Maka?

Daga Gwarzo zuwa Kabuga tafiyar kimanin kilomita 70 ce, kuma ranar da hanya ta yi sauƙi ba ta gajiyar da kowa. Ka wuce Rimin Gado, ka wuce Janguza, ka hango sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai ga ka a Rijiyar Zaki. Mutumin Kabo ma ta nan yake ɓullowa. Wahalar tana cikin 'yan kilomitocin ƙarshe, daga inda ka fara tambayar kanka inda za ka ajiye motar nan.

Ana saura kwana goma ƙaramar sallar bara na raka wani ɗan'uwana daga Kabo zai haɗo lefe a Kantin Kwari. Motar yayansa ya aro. Mun sha zagaye kusan minti arba'in kafin muka ga wani gurbi a bakin layi, babu maigadi, babu mai karɓar kuɗi. Ya yi dariya ya ce, "Ka ga rabo, ɗan'uwa. Ko sisi ba za mu biya ba." Bayan awa biyu muka dawo da 'yan dako biyu da kaya, muka tarar wata babbar mota ta tsaya dab da bayanmu ana sauke diloli, direbanta kuma ba a san inda ya shiga ba. Gabanmu kwata ce. A nan muka yi azahar, a nan muka yi la'asar, muka sallami 'yan dako da ƙarin kuɗin jira, kuma sai da muka yi tuƙin dare a hanyar da yayan nasa ya ja masa kunne kada dare ya yi masa a kanta. Babu wanda ya zalunce mu. Wurin sauke kaya muka tare, kuma duk ɗan kasuwar ya san haka, mu baƙi ne ba mu sani ba.

Wani malamin jami'a a Amurka, Donald Shoup, ya fitar da littafi sukutum a 2005 kan tsadar fakin ɗin kyauta. Abin da ya dage a kai shi ne, wurin ajiye mota bai taɓa zama kyauta ba, wani ne ke biya ta wata hanyar, kuma wani ɓangare na cunkoson tsakiyar birni direbobi ne da ke zagaye suna neman gurbi. Bai san Kwari ba, amma kamar da mu yake. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, zagayen minti arba'in a giya ɗaya da biyu ya daina zama abin wasa. Man da za ka ƙona zai iya fin abin da maigadi zai karɓa.

Manhajojin fakin ba su iso mu ba

Idan ka bincika a Play Store za ka ga manhajoji irin su Parkopedia, JustPark da SpotHero. A biranen Ingila da Amurka mutum na iya ganin kuɗin wuri, har ya kama gurbi tun yana gida. Kada ka ɓata datarka. Suna aiki ne inda wuraren fakin ke da rajista da tsayayyen farashi a intanet. A Kano harkar a hannun mutane take: maigadin filaza, manajan gidan mai, mai gareji, ko wani dattijo da ya shekara ashirin yana tsaron motoci a bakin masallaci. Wayarka ba za ta kama maka gurbi ba. Abin da za ta iya shi ne ta taimaka ka yanke shawara tun kafin ka tayar da mota, sannan ta riƙe maka shaida bayan ka ajiye.

Shawarar da na fi yarda da ita kuwa tsohuwa ce: ka bar motar a bakin gari, ka shiga da adaidaita. Birnin Oxford na Ingila ya fara irin wannan tsari tun 1973, mutane su ajiye motoci a wajen gari su hau bas. Mu babu wanda ya tsara mana, amma mai fitowa daga yamma ya yi sa'a. Daga Rijiyar Zaki zuwa Kabuga akwai gidajen mai, garejin kanikawa, wuraren wankin mota da gidajen 'yan'uwa, kuma adaidaita ba ta yankewa a Kabuga. Da wuya a samu ɗan Gwarzo ko Kabo da ba shi da kawu, aboki ko tsohon ɗan ajinsu a wannan tsakanin. Ƙofar gidan wanda ya san ka ita ce fakin ɗin kyauta na gaskiya, kuma kiran waya ɗaya ne tun daren jiya.

Dabarar da na fi so ita ce ta wankin mota. Ka ba da motar a wanke, ka gaya wa mai wurin ƙarfe nawa za ka dawo, ku yi magana a fili tun farko. Ka biya kuɗin wanki da ɗan ihsani, ka dawo ka tarar da ita fes bayan ƙurar hanya. Sai dai za ka bar makulli, don haka wannan sai wurin da ka sani ko wanda aka haɗa ka da shi.

Aikin daren jiya

Kafin ka kwanta, buɗe Google Maps ka sauke taswirar Kano a wayarka. Danna hotonka da ke sama ta dama, ka shiga "Offline maps", ka zaɓi yankin da ya haɗa tun daga garinku har cikin birni. GPS ba ya buƙatar data, daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, don haka ko sabis ya ɗauke a hanya ko a tsakiyar kasuwa, ɗigon nan mai ruwan bula zai ci gaba da nuna inda kake. Abin da za ka rasa idan babu data shi ne bayanin cunkoso. Masu ƙananan wayoyi da suka zo da Maps Go su lura, ita ba ta sauke taswira, sai ka ɗora cikakkiyar manhajar idan wayar na da wuri.

Daga nan ka juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan'adam ka duba kewayen inda za ka. Za ka ga filazar da ke da fili a ciki, da layin da ba ya ɓullewa, da titin da ke da tsibiri a tsakiya wanda sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka juya. Amma ka riƙe wannan: hoton na iya zama na bara ko na bara waccan. A Kano kuwa filin da ka gani fetal a hoto, ka je ka tarar da shaguna hawa biyu. Don haka abin da taswira ta nuna maka, ka tabbatar da shi a bakin mutum. Wanda za ka saya kaya a wurinsa shi ne ya fi kowa sani. Tura masa saƙon murya a WhatsApp: "Alhaji, gobe ina tafe da mota, ina kuke ajiye naku?" Ɗan kasuwar da ke jiran cinikinka ba zai bari ka sha wahala ba, wani ma yaronsa zai turo ya tare ka.

Da safe kafin ka fito, kunna launukan cunkoso. Kore hanya a buɗe take, ja kuwa ka san sauran. Daga Kabuga kana da zaɓi, ko ka bi titin BUK ta Gadon Ƙaya da Ɗan'agundi, ko ka bi titin Aminu Kano ta wajen Goron Dutse. Google na gane cunkoso ne daga motsin wayoyin da ke kan titi, saboda haka a manyan tituna ya fi faɗar gaskiya, a lunguna kuwa kada ka ba shi amana. Idan ya ce ka yanke ta cikin birni don ka rage minti biyar, ka tuna bai san faɗin motarka ba.

Minti biyu bayan ka kashe mota

Nan ne mafi yawanmu muke sakaci. Kafin ka buɗe ƙofa, danna ɗigon bula a taswira ka zaɓi "Save parking". Tun 2017 Google ya saka wannan, amma da yawa ba su taɓa gwadawa ba. Masu iPhone da ke haɗa waya da motar ta Bluetooth, taswirar Apple na iya yi musu alamar da kanta. A fili GPS kan yi kuskuren 'yan mitoci ne kawai, amma tsakanin dogayen gine-gine irin na Kwari da Sabon Gari yana iya jefa ka layin baya. Shi ya sa hoto ya zama dole. Ɗauki motar ta ɓangarori huɗu yadda lambarta za ta fito, ka ɗauki allon shagon da ke kusa. Hoton na ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi, kuma idan ka dawo ka ga an goge maka gefe ko madubi ya yi ƙafa, ba za a tsaya musun "dama haka ka zo da ita" ba.

Sai ka tura wurin ga wani a gida ta WhatsApp. Idan wayarka ta mutu ko ta ɓata, akwai wanda ya san inda motar take. Idan ku biyu ne za ku rabu a kasuwa, ku kunna wa juna wurin da kuke kai tsaye. WhatsApp na ba da zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. Yana cin caji, ka taho da abin ƙarin caji.

Duk wannan a cikin mota za ka yi shi, gilashi a rufe. Ƙwacen waya ba labari ba ne a Kano, kuma baƙon da ya tsaya a bakin titi yana jujjuya waya yana neman gabas ya riga ya tallata kansa.

Game da mai karɓar kuɗi, riga mai ƙyalli ba shaida ba ce, a kasuwa ake sayar da ita. Tambayi mai shagon da ke kusa ko ya san shi. Ku yi ciniki kafin ka kulle mota, ka karɓi rasit idan suna bayarwa, ka karɓi lambar wayarsa ka kira ta a gabansa. Biya ta tiransifa na da amfani ɗaya da mutane ba su lura da shi ba: OPay, Moniepoint ko manhajar bankinka za ta nuna maka sunan mai asusun kafin kuɗin ya fita, kuma rasit ɗin na nan a wayarka. Duk da haka ka riƙe 'yan canji, don ranar da sabis ya ƙi, dattijon nan ba zai karɓi "yana tafe" ba.

Wuraren da ba a gwada sa'a a kansu sanannu ne: kan manyan tituna inda aka hana tsayawa, bakin shataletale, ƙarƙashin gada, ƙofar banki da ta jami'an tsaro. Hukumar KAROTA da aka kafa a 2012 aikinta ke nan, kuma idan janwe ya ɗauki motarka, ranar ta tafi ko da a ce tarar ba ta dame ka ba. Da damina kuma ka dubi ƙasa kafin ka dubi sama. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ta nuna yadda ruwa ke taruwa a wannan yanki cikin ɗan lokaci. 

Masu babur

Da yawa cikin matasanmu da babur suke shigowa. Ajiye shi ya fi sauƙi, ɗauke shi ma ya fi sauƙi. A bakin manyan kasuwanni akwai masu tsaron babura da ke ba da kati ko lamba. Ɗauki hoton katin nan take, don takarda ce, gumi na iya cinye ta a aljihu. Ka tuna kuma tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomin cikin birni, saboda haka goyon da ka saba yi a Gwarzo ba lallai ya wuce lafiya a Kabuga ba.

Masu tambaya kan na'urar bin sawu, iri biyu ce. Ƙananan nan irin AirTag na Apple ba su da GPS, suna dogara ne da wayoyin iPhone da suka gifta kusa, kuma a yankin da Tecno, Infinix da itel suka fi yawa za su iya yin shiru na tsawon lokaci. Wadda ake saka wa layin waya a haɗa da batirin mota ko babur ta fi dacewa da mu. Matsalarta ɗaya, mutane kan manta da layin. Ba a saka masa kati, kamfani ya rufe shi, sai ranar da aka buƙace shi a tarar ya mutu tun watanni. Saka tunatarwa a kalandar wayarka kowane wata.

Ranar da za ka shiga da motar dole

Wani lokacin babu makawa: kana ɗauke da mara lafiya zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala, ko za ka ɗauko buhuna a Singa, ko kayan gini a Ƙofar Ruwa. A nan lokaci ne kuɗinka. Ka yi asubanci ka iso kafin kasuwa ta cika. Ka duba kalanda, domin Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce a Kano, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Ranar Juma'a kuma titunan da ke kusa da manyan masallatai kan cushe tun kafin a tayar da salla.

Ko da kaya ne za ka ɗauka, ba sai motar ta wuni a ƙofar shago ba. Ka gama ciniki da ƙafa, a ɗaure kayan a ajiye maka, sannan ka je ka ɗauko motar ka kira yaron shago ya fito da su bakin titi a baro. Da muka koma Kwari sayen ragowar kayan lefen nan, a Rijiyar Zaki muka bar motar, a ƙofar gidan wata gwaggonsa. Adaidaita ɗaya muka ɗauka shata ta kawo mu da kayan har ƙofar gidan, gwaggo ta tsare mu sai da muka ci abinci, muka yi la'asar a Kabo.